Ba a Masai Yayata Ta Ɗauko Shi Ba

Ku 'ya'yana, na san kun ji magana a kaina tun kuna ƙanana, a lokutan da nake kai ku hutu Rikoto, unguwarmu a Zuru. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, kuma shirun nan naku ne ya tabbatar mini kun ji. An ce na bar Zuru don na kwaso ciwon sanyi, wanda zan aura ya gano ya fasa, ni kuma na gudu Kudu na fake da karatu. Yanzu na ajiye aiki, ina da lokaci, kuma ba na so ku ci gaba da ɗaukar wannan maganar a ranku bayan ba ni. Kafin in fara rubutu sai da na je Sakaba wurin yayata Rifkatu, wadda kuke kira Mama Babba, na nemi izininta, domin labarin nata ne kafin ya zama nawa. Ta ce in rubuta duka, kada in rage komai don tausayinta.

Kakanku, Saje Dauda, tsohon soja ne kuma dattijon ikilisiya. Ba ku same shi da ƙarfinsa ba. Idan ransa fari ne, da yarenmu C'lela yake mana magana, a hankali, har da zolaya. Idan ka ji ya juya zuwa Hausar bariki, gajeriya mai kaushi, to ka nemi inda za ka tsaya. Shi ya sa ni a makaranta lokacin da 'yan uwansa ke cewa ɓarnar dawa ce, kuma ranar da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti a Zuru, ya sa na zagaya da farar rigata gida-gida ana ganina. Inna kuwa ba ta da yawan magana. Tana tsakar gida kullum, tana jin komai, ra'ayinta kuma sai ka duba yadda take ajiye kwano ka gane shi. A lokacin akwai wani malamin firamare ɗan ƙauyen Manga mai suna Ishaya da ke nemana da aure. Ya riga ya yi wa Baba damina da dama na golmo, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinya, shi da abokansa. Mutumin kirki ne, kuma ina sonsa. Ina so ku san wannan.

Yaya Rifkatu ta daɗe da aure, ba ta taɓa ko ɓari ba. Mijinta Bitrus soja ne, yana can inda aka tura shi, sai ya zo hutu ya koma. A farkon daminar shekarar da nake ba ku labari, bayan ya zo hutu, ta shigo ɗakin gwajinmu da safe tana dafe da mara, da takardar likita a hannu. Ba ta yarda kowa ya duba abin da aka ɗiba daga jikinta ba sai ni. Na shafa a gilashi, na zuba rini, na sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ban daɗe ina nema ba. Ga su nan ja-ja, bibbiyu, kamar ƙwayar wake biyu suna fuskantar juna. Ƙwayoyin ciwon sanyi ne, na sha ganinsu a jikin mutanen da ban sani ba.

Likita ya yi mata allura, ya ce lallai mijinta ya zo shi ma. Daga baya aka tura ta Sakkwato aka yi mata hoto, aka ce hanyoyin da ƙwai ke bi ya isa mahaifa sun toshe, duka biyun, kuma ba aikin wata ɗaya ko biyu ba ne. Ciwon ya daɗe yana zuwa yana cinta a ɓoye. Bitrus bai taka asibiti ba. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ɗan zafin fitsarin da yakan ji, kafso biyu daga kemis ke kashe shi. Ya ɗauko ta da akwatinta ya kawo gidanmu, ya tsaya a gaban Baba yana juya makullin babur a yatsa.

"Baba, ni ban ce komai ba. Wasu sun ce a masai mata ke ɗaukar abin nan. In ba a masai ba ne, to ita ta san inda ta je."

Inna ta ajiye kwanon da ke hannunta da ƙarfi har gefensa ya lotse.

Unguwa ta zaɓi maganar masai, don ita ce mai sauƙi a baki. Amma ko a haka laifin na kanta ne, wai ba ta da tsabta. Rifkatu, wadda ke wanke tukunya har ka ga fuskarka a ciki. Na gaya mata abin da na sani, cewa ta hanyar kwanciya ake ɗauka. Wata rana muna tsinke yakuwa a bayan ɗaki ta ɗago ta dube ni.

"Saratu, ke ce mai boko. In ba a masai ba ne, gaya mini yadda abin ke yi. Ina wanka, ina fitsari, ina ganin wata. Duk abin nan da ke fita daga jikina, mi ya hana ya tahi da shi? Da mi yake riƙe ni?"

An koya mini in gane ƙwayar, in rubuta sunanta, in miƙa wa likita. Ba wanda ya taɓa gaya mini da me take riƙe mutum. Dama na samu gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Kudu, kuma kowa a gida ya san kan zazzaɓin sauro zan yi aiki. Baba yana alfahari da hakan, don sauro ya kashe masa 'ya'ya biyu kafin a haife ni. A makon nan na sanar da makarantar na canza. Na ce ina so in yi aiki a kan yadda ƙwayar ciwon sanyi ke manne wa jikin mutum.

Ban ɓoye wa Baba ba. Na same shi yana wasa fartanya a gindin dorawa, na durƙusa na gaya masa. Ya fara da C'lela, yana lallashina. Ya ce cututtuka sun yi yawa a duniya, in zaɓi wanda za a iya faɗin sunansa a gaban mutane. Da ya ga ban motsa ba, sai harshe ya juya.

"Ke budurwa ce. Ɗiyar dattijon ikilisiya. In an tambaye ni mi ɗiyata ke karantawa, in ce mi? In ce tana kiwon ciwon karuwai cikin kwalba?"

"Baba, Yaya ba karuwa ba ce, kuma shi ne ya same ta."

"Kada ki ƙara sa sunanta a wannan magana."

"Sun riga sun sa, Baba. Ni cirewa nake so in yi."

Ya tashi ya saɓa fartanyarsa ya wuce gona. Daga ranar ya daina yi mini magana. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai.

Maganar ta isa Manga kafin dawa ta fid da kai. Ishaya ya zo ya same ni a bakin asibiti bayan an tashi aiki, muka taka tare har kusa da kasuwa. Bai yi faɗa ba. Ya ce mahaifiyarsa ta daina cin abinci, ta ce mace ba ta bin irin wannan ciwo haka kawai sai in ta san shi a jikinta. Ya ce shi bai yarda da haka ba ko kaɗan, amma ba zai iya kai wa uwarsa matar da za a riƙa wanke kofi in ta sha ruwa ba.

"Koma kan sauron, Saratu. Shi ke nan abin da nake roƙo. Sai in je in ce musu ƙarya aka yi."

Na tsaya ina kallon ƙafafunsa, da tabon da fartanya ta yi masa a gonar ubana. Da a ce wani abu dabam ya roƙa, da na ba shi. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce to Allah ya kiyaye hanya, ya juya. Daga wannan rabuwar ne maganar da kuka ji ta samo asali, kuma ban taɓa jin cewa daga bakinsa ta fito ba. Na tafi bayan girbi. Inna ta ɗaura mini garin dawa da daddawa, ta raka ni tasha ita da Yaya. Baba yana gida.

Malamar da ta karɓe ni wata dattijuwa ce Bayarabiya, kowa Madam yake kiranta. Ta tambaye ni dalilina, na gaya mata gaskiya. Ta ce to in shirya, don ƙwayar nan ta fi jariri wuyar raino. Haka kuwa na tarar. Abin da ya lalata wa yayata mahaifa, a wajen jiki rago ne na ƙarshe. Ba ya cin abinci sai wanda aka haɗa da dafaffen jini, launinsa kamar koko. Ba ya son iskar fili, sai mun jera farantan da muke kiwonsa a cikin gwangwani, mu kunna kyandir, mu rufe har wutar ta mutu. Ba ya son sanyi, sai a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum. In aka ɗauke wuta aka daɗe, akwatin ya huce, washegari ka zo ka tarar duk sun mutu, aikin makonni ya tafi. Hakan ya same ni ba sau ɗaya ba. Na taɓa zama a kan matakala na yi kuka har na gaji, sannan na koma asibitin koyarwa na roƙi a ba ni sabon iri, na fara daga farko. Ɗalibai 'yan uwana suna kirana matar sanyi, in na shigo sai su janye kujera suna dariya. Ban kula su ba. Na riga na biya abin da ya fi wannan.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Jikin mutum an gina shi da wasu ƙananan ɗakuna masu rai waɗanda ido ba ya gani, ana kiransu sel. Da safe nakan kankare cikin kumatuna da ɗan tsinken katako, in sami sel nawa na kaina, in zuba a kwalba. Ƙwayar sanyin kuma iri biyu nake kiwo. Akwai mai gashi, wasu siraran zare da ke fita daga jikinta, akwai wadda ta zubar da gashin saboda daɗewa a faranti. Gashin ya fi ƙarfin madubinmu, a hoton littafi kawai na taɓa ganinsa, amma daga yadda suke taruwa a faranti ana bambanta su. Sai in haɗa kowane iri da sel ɗina, in bar su a ɗumi, sannan in wanke da ruwan gishiri, in sake wankewa, in sake. Bayan haka in zuba rini in duba.

Ranar da ya fara fitowa daidai, na duba marasa gashin tukuna. Sel ɗina fes, sai ɗaya nan ɗaya can, ruwa ya tafi da sauran. Na sa gilashi na biyu. Kowane sel ya cika da su, sun yi masa ɗamɗam, wankin duk bai girgiza su ba. Na kira Madam ta leƙa. Ta bayyana mini cewa gashin miƙewa yake yi ya kama, sannan ya janye ya jawo ƙwayar kusa, daga nan wasu abubuwa da ke fatarta su kulle da na fatar sel ɗin kamar makulli da kwaɗonsa. Kuma kwaɗon na mutum ne kaɗai, shi ya sa ba akuya ko kaza da ke ciwon. Ta ce ƙwayar tana yawan canza kamannin gashin, don haka jiki ba ya gane ta in ta dawo, mutum sai ya kamu sau da yawa. Ban tsaya nan ba. Na ɗiga ƙwayar a kan fasasshen tangaran da kan siminti, na bari ta bushe, na kwashe na shuka a faranti. Babu abin da ya tsiro. Na maimaita har Madam ta ce ya isa. Kada ku ɗauka wani sabon abu na gano wa duniya. Masana sun san wannan tun kafin in je. Amma ni ban sani ba, Rikoto ba ta sani ba, kuma yanzu na gani da idona a kan naman jikina.

Na dawo hutun Ista da amsar Yaya a bakina, sai na tarar da wani labari. Bitrus zai yi aure. An ba shi wata yarinya mai suna Lami, 'yar mawaƙan coci, ba ta daɗe da gama sakandare ba. Na zauna da Yaya a ɗakin Inna na yi mata bayanin gashin da wankin da simintin. Ta saurara har ƙarshe, ta sa na maimaita maganar simintin. Sannan ta ce:

"Kenan yana nan jikinsa."

"Wataƙila. Kafso biyu ba sa kashe shi, kwantar da shi kawai suke yi. Sai an gwada za a sani."

"To ki je ki gaya musu."

Na ce mata ta tsaya ta yi tunani. In Bitrus ya warke, Lami za ta haihu. In ta haihu, duk garin nan zai ce ga shaida, Rifkatu ce juya tun asali. In kuwa muka yi shiru, bayan 'yan shekaru kowa zai gane da kansa daga ina matsalar take. Ni na faɗi wannan da bakina, don ina so ta san abin da take saye. Sai ta ce:

"Na sani. Amma na san zafin marar nan, Saratu. Yarinyar ba ta yi mini komai ba."

Ni kaɗai ba za a saurare ni a gidan su Bitrus ba, budurwar da aka fasa aurenta. Dole sai da Baba. Na same shi da hantsi yana gyaran rumbu, na durƙusa, na ce ba sai ya amsa mini ba, ya dai ji. Na yi masa bayani da C'lela. Na ce abin kamar ƙarangiya ne, in ta kama wando, ko ka shiga rafi ba ta sauka, amma ita wannan ƙarangiyar naman mutum kaɗai take kamawa, kuma in ta faɗi ƙasa ta bushe ta mutu. Na gaya masa na gwada da hannuna. Ya ci gaba da yaɓa laka kamar bai ji ba. Can ya tsaya.

"Kin zuba a siminti?"

"Na zuba, Baba."

"Bai tashi ba?"

"Ko sau ɗaya."

Ya wanke hannunsa a kwarya, ya shiga ɗaki. Ya fito da rigarsa ta zuwa coci da sandarsa, ya ce in wuce gaba.

Uban Bitrus shi ma tsohon soja ne, tare suka yi aiki da Baba. Muka same shi a zaure, aka kira Bitrus. Baba ya ce ɗiyarsa na da magana, kuma duk wanda ya katse ta da shi yake yi. Na yi bayani. Bitrus ya miƙe ya ce ba za a zo har gidan ubansa a ci masa mutunci ba, kowa ya san abin da ya raba ni da Ishaya. Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya juya ga tsohon.

"Kofur, ni da kai mun zauna bariki. Mun san layin da ake yi ƙofar likita bayan an biya albashi. Kada mu yi wa juna ƙarya da furfura a kai. Ban zo a mai da ɗiyata ba, ko an roƙa ba ta komawa. Na zo ne don ɗiyar mutane. In yaronka lafiya yake, ya je a gwada, ni zan tsaya gaban ikilisiya in ba shi haƙuri."

Tsohon ya ce wa ɗansa ya zauna, da irin muryar da ba a musu da ita. Aka ɗaga bikin, aka ce wai don damina ta kusa. Bitrus ya je wani asibiti a wani gari inda ba a san shi ba, ubansa na biye da shi. An sami ƙwayar a jikinsa. Aka yi masa magani cikakke, aka sake gwadawa, sannan aka ɗaura aure. Ba wanda ya tsaya gaban ikilisiya ya wanke Yaya. Gidansu sun rufe maganar, Baba kuma ya riga ya yi wa tsohon abokinsa alkawarin ba za ta fita daga bakinmu ba in dai an yi maganin. A hanyarmu ta komawa gida ranar da muka je zauren, Baba ya tambaye ni ko ana ba mu abinci mai kyau a makaranta. Da C'lela ya yi tambayar.

Abin da na faɗa wa Yaya shi ya faru. Ina gida hutun Kirsimeti na shekara ta gaba, muna tankaɗe a tsakar gida, wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga, fuskarta cike da jin daɗin kawo labari. Ta ce Lami ta sauka, namiji, ƙato. Ta ƙara da cewa Allah dai ba ya ɓoye gaskiya. Na yunƙura zan tashi, Yaya ta danne mini gwiwa.

"Ita da yaron suna lafiya?"

"Lafiya lau."

"To madalla. Ki gaishe ta."

Da matar ta tafi, Yaya ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ni da Inna muna jin kukanta, ba wanda ya motsa. Daga baya ne ta auri Baba Iliya na Sakaba, wanda matarsa ta rasu ta bar masa yara ƙanana, ta raine su har suka zama mutanen da kuka sani. Ni ma daga baya na haɗu da ubanku. Amma a ranar ba mu san da wannan ba, ba mu ga komai a gabanmu ba. Na ce a raina ba zan koma makaranta ba, zan zauna da ita, tunda duk abin da karatuna ya jawo mata ke nan. Da ta fito idanunta a kumbure, na gaya mata haka. Ta ɗauki rariya ta zauna a inda ta tashi.

"Ni tawa ta riga ta toshe," in ji ta. "Mata nawa ne a garin nan da tasu ba ta toshe ba tukuna? Ranar Litinin akwai mota. Ni zan kai ki tasha."

Ita ta kai ni. Ta ɗora akwatina a kanta tun daga Rikoto, ta bi ta tsakiyar kasuwa, inda kowa zai gan mu.